Gyaran murfin ido na sama da na ƙasa a zama ɗaya: me ake cirewa, me ya zama dole a bari

Babu fatar da ta kai ta murfin ido rashin kauri a jikin ɗan Adam. Kaurinta bai cika milimita 1 ba, ga shi ba ta da hutu, domin mutum yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a kowane minti. Shi ya sa girma kan fara bayyana a nan. Fatar sama ta saki ta kwanto kan gashin ido, ta ƙasa kuma ta yi jaka, sai a riƙa tambayar mutum ko bai yi barci ba alhali ya kwana lafiya. Tiyatar da ake yi don gyara wannan ana kiranta bilefaroplasti, sunan da likitan Jamus Karl Ferdinand von Graefe ya sa mata a 1818. Idan aka yi sama da ƙasa a idanu biyu a zama ɗaya, wurare huɗu ke nan aka taɓa.

Masu neman aikin da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne ake maimaitawa sau huɗu: a yanke rarar fata, a ɗinke. Ba haka ba ne. Aikin sama lissafin fata ne, nawa za a ɗiba, nawa za a bari. Aikin ƙasa kuwa lissafin ƙarfin riƙo ne, wato ko murfin zai iya tsayawa a wurinsa bayan an taɓa shi. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu daga aljihu ɗaya suke ci, kuma aljihun nan shi ne iya rufe ido ruf.

Abin da ke ƙarƙashin fatar

Bayan fata akwai wata siririyar tsoka da ta kewaye ido kamar zobe. Ita ce ke rufe ido, ita ce kuma ke tura hawaye zuwa ƙananan ƙofofin da ke kusa da hanci a duk ƙiftawa. Bayanta akwai wani tantani mai kama da labule, shi ke tare kitsen da ke cikin kwarmin ido don kada ya turo gaba. Idan shekaru suka ja, labulen ya yi laushi, kitsen ya bunƙuso. Jakar da ake gani a ƙarƙashin ido ke nan. Galibi ba ruwa ba ne, ba kuma sabon kitse ba ne, tsohon ne ya sami hanya.

A sama kitsen ƙulli biyu ne, na kusa da hanci mai ɗan fari-fari da na tsakiya mai launin rawaya. Ta gefen waje kuwa abin da ke zaune ba kitse ba ne, ƙwayar da ke samar da hawaye ce, kuma wani lokaci takan zamo ƙasa ta yi tudu. Wanda ya ɗauke ta kitse ya yanke ya gadar wa mutum bushewar ido. Maganinta a mayar da ita gurbinta a ɗinke. A ƙasa ƙullin kitsen uku ne, kuma tsakanin na kusa da hanci da na tsakiya wata tsokar da ke juya ƙwayar ido ta ratsa. Idan aka ji mata rauni, mutum ya tashi yana ganin abu bibbiyu.

Sai kuma wani faranti mai tauri-tauri a bakin kowane murfi, wanda ke ba shi siffa. Na sama ya kai wajen milimita 10 a tsayi, na ƙasa kuwa wajen 4 zuwa 5 ne. Wannan bambancin ya isa ya nuna wanda ya fi rauni. Murfin sama yana da faranti babba, ga tsoka mai ɗaga shi, ga nauyinsa na taimaka masa wajen sauka. Na ƙasa a rataye yake kamar igiyar shanya tsakanin kusurwoyin ido biyu, kuma kullum nauyin kumatu yana jan sa ƙasa.

Awon da ake yi kafin a ɗauki wuƙa

Rabin nasarar aikin a ɗakin duba marasa lafiya take. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a nan kimar ido kaɗai ba ta isa ba, sai an sa ma'auni.

Tambaya ta farko: me ya sa idon ya yi nauyi? Abubuwa uku ne ke kama da juna. Ko fata ce ta yi yawa, ko gira ce ta sauko ta tara fatar a kan ido, ko kuma murfin ne kansa ya faɗo saboda tsokar da ke ɗaga shi ta saki. Likita kan haska fitila a ido ya auna daga ɗigon hasken da ke tsakiyar baƙin ido zuwa bakin murfin sama. A lafiyayyen ido milimita 4 zuwa 5 ne. Idan ya sauko zuwa 2 ko ƙasa da haka, murfin ne ya faɗo, kuma yanke fata ba zai ɗaga shi ba. Sai an shiga an ɗaure tsokar. Akwai ma wani abin mamaki a nan. Ƙwaƙwalwa saƙo iri ɗaya take aika wa tsokokin idanu biyu. Idan ɗaya ya faɗo, sai ta ƙara ƙarfin saƙon, ɗayan ya buɗe fiye da ƙima. A gyara mai matsalar kaɗai, saƙon ya ragu, sai wanda ake ganin lafiyarsa ƙalau ya sauko.

Gira ma tana da nata yaudarar. Wanda fata ta daɗe tana tare masa gani yakan riƙa ɗage goshi ba tare da ya sani ba. Da an rage fatar, goshin ya huta, girar ta sauko, mutum ya ga kamar ba a yi masa komai ba. Don haka ake dafe goshi da hannu a sa ya saki jiki kafin a auna.

A ƙasa gwaji biyu ne masu sauƙi. Likita ya kama murfin ya ja shi gaba: idan ya rabu da ƙwayar ido fiye da milimita 6 zuwa 8, ya saki. Sannan ya ja shi ƙasa ya sake, ya hana mutum ƙiftawa. Mai ƙarfi zai koma nan take, wanda ya saki sai ya tsaya a hanya yana jiran ƙiftawa. Ana kuma duban fuska ta gefe. Idan ƙwayar ido ta fi ƙashin kumatu fitowa gaba, murfin ƙasa ba shi da abin jingina, kuma irin wannan fuskar ce ta fi saurin samun matsala.

Sai hawaye. Ana maƙala wata 'yar takarda a murfin ƙasa na minti 5 a ga iya inda ta jiƙe. Milimita 10 zuwa sama babu laifi, ƙasa da 5 bushewa ce sosai. Amma abin da mutum ya faɗa da bakinsa ya fi takardar: yana jin kamar yashi a ido? Yana yawan ɗiga maganin bushewa? Wanda aka yi wa gyaran gani da lesa, wato hasken nan mai ƙarfi da ake tiyata da shi, ana so ya jira aƙalla wata 6, saboda aikin yana rage jin da ke saman ido na wani lokaci. Ana kuma buɗe murfin da yatsa yayin da mutum ke ƙoƙarin rufewa, a ga ko ƙwayar idon tana juyawa sama. Wannan juyawar kariya ce lokacin barci, kuma ba kowa ke da ita sosai ba.

Kumburin da ke zuwa da safe ya sauka da rana ba na wuƙa ba ne. Yana iya zama na ƙoda, ko na wani abu da jiki ba ya so, ko na ƙwayar tayiroid da ke wuya, wadda ciwonta kan turo idanu waje. Jakar kitse ba ta bin lokaci, kuma tana ƙara fitowa idan mutum ya kalli sama.

Hawan jini dole a daidaita shi tukuna. Asfirin, ibuprofen, man kifi, bitamin E da makamantansu suna hana jini daskarewa, kuma ana dakatar da su mako 1 zuwa 2 kafin aiki. Wanda aka ɗora a kan maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar jiki kuwa, kada ya kuskura ya daina da kansa. Likitan da ya rubuta masa shi ne zai yanke hukunci. Taba sigari tana jinkirta warkewa, ana so a bar ta makonni kafin aiki da bayansa.

Aikin sama

Ana zana layukan yanka mutum yana zaune, kafin a yi allura, domin kwanciya da kumburin allura duk suna sauya kamannin fata. Layin ƙasa yana bin ninkin da murfin yake da shi, wanda yawanci ke milimita 8 zuwa 10 daga gashin ido a mata, ya ɗan fi haka ƙasa a maza. A ɗaga wa namiji ninkin nan sama, fuskarsa ta sauya ta hanyar da bai nema ba. Layin sama kuma ana samo shi ne ta hanyar tsunkule fatar da ɗan hantsaki ido yana rufe, har sai gashin ido ya fara ɗan motsawa. Nan ne iyaka.

Ƙa'idar da aka fi riƙo da ita ita ce a bar aƙalla milimita 20 na fata tsakanin ƙasan gira da gashin ido. A lura, lissafin na abin da aka bari ne. Wadda ke tsige gira ko ta zana ta sama da inda take tana iya rikita awon, don haka likita yana neman inda fata mai kauri ta gira ta ƙare, ba inda gashi yake ba.

Ana yin allurar kashe zafi ta lidoken haɗe da adirenalin, wanda ke matse jijiyoyin jini, a jira minti 7 zuwa 10. A yanke fatar, wani lokaci da ɗan siririn tsoka, a rage kitsen kusa da hanci idan ya turo. Kitsen tsakiya yanzu an fi son a bar shi. A da ana kwashe shi sosai, sakamakon kuwa ido ya zurma, mutum ya ƙara tsufa a ido. A rufe da zare siriri kamar gashi, a cire bayan kwana 5 zuwa 7. Tabon yana ɓoye cikin ninki. Ko masu jikin da ke yin tabo mai tudu ba kasafai yake fito musu a murfin ido ba, sai dai idan yankan ya zarce zuwa fata mai kauri ta gefen fuska.

Aikin ƙasa, inda gardamar take

Hanya biyu ce. Ta farko a shiga ta ciki, a juya murfin a yanka jan tantanin da ke bayansa, a kai ga kitse ba tare da an taɓa fata ko tsoka ba. Likitan Faransa Julien Bourguet ne ya bayyana wannan hanya a 1924. Ba ta barin tabo a waje, kuma hatsarin murfi ya zazzago ƙasa ya fi ƙanƙanta. Gazawarta ita ce ba ta rage fata. Ta biyu a yanka ta waje, milimita 1 zuwa 2 ƙarƙashin gashin ido, a ɗaga fata da tsoka, a gyara kitse, a datse rara. Tana ba da damar gyara komai, amma ita ce ke ratsa tsoka da labulen nan, kuma tabon da ke fitowa a jikin labulen yana tsukewa yayin warkewa ya ja murfin ƙasa.

Likitoci da yawa yanzu suna haɗa su: kitse ta ciki, sannan a tsunkule fata zalla, milimita 2 ko 3, a yanke ta waje, a bar tsoka da labule yadda suke. A ganinmu, ga wanda za a yi wa sama da ƙasa tare, wannan ya fi kwanciyar hankali. Idan za a auna fatar da za a cire a ƙasa, ana sa mutum ya kalli sama ya wangame baki, domin a wannan halin ne fatar ta fi miƙewa. Abin da ya rage a lokacin shi ne rara ta gaskiya, kuma kusan kullum bai kai yadda madubi ke nunawa ba.

Kitsen ma ba dole a zubar da shi ba. Ƙarƙashin jakar yawanci akwai kwari da ya tashi daga kusa da hanci ya gangara, kuma inuwar wannan kwarin ce ke sa jakar ta ƙara fitowa. Maimakon a yanke tudun a bar kwarin, sai a saki jijiyar da ta ɗaure fata da ƙashi a wurin, a shimfiɗa kitsen ya cike shi. Kumburinsa ya fi daɗewa, amma ba ya barin rami. Ƙullin da aka fi mantawa shi ne na gefen waje, saboda yana komawa ciki idan mutum ya kwanta; sai bayan an warke a gan shi zaune shi kaɗai.

Idan gwaji ya nuna murfin ya saki, dole a ƙarfafa igiyar. Mai ɗan sauƙi a sa zare a ɗaure kusurwar ido ta waje da tantanin ƙashin kwarmin ido. Mai yawa sai an kwance kusurwar, an rage tsawon murfin, an sake dasa shi. Tsallake wannan matakin shi ne babban dalilin idon da ke komawa zagaye, farinsa ya bayyana a ƙarƙashin baƙi, ko murfin ya juye waje yana zubar da hawaye. Wani amfanin yin sama da ƙasa tare shi ne ta cikin yankan sama ana iya kai wa ga ƙashin a sa wannan zaren, ba sai an ƙara wani yanka ba.

Me ya sa tare, me ya sa a rarrabe

Hujjar haɗawa a bayyane take. Allura sau ɗaya, jinya sau ɗaya, aiki na awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuma ba a samun sabon sama a kan tsohon ƙasa. Ana iya yi da allurar kashe zafi da ɗan maganin kwantar da hankali, ko da cikakken barci.

Amma a duba lissafin. A buɗe, tsakanin murfin sama da na ƙasa wajen milimita 9 zuwa 10 ne, kuma na sama ne ke yin kusan duk tafiyar rufewa. A ce an ɗan zarce a sama da milimita 1, abin da shi kaɗai ido zai jure. A ce kuma na ƙasa ya sauka da milimita 1 ko 2, shi ma shi kaɗai ba wani abu ba ne. Idan suka haɗu, ga tsokar zoben ta yi rauni sama da ƙasa saboda yanka da kumburi, sai a sami ido da ke kwana a ɗan buɗe. Saman baƙin ido ya bushe, ya yi zafi, ya yi ja, idan aka yi sakaci ya yi gyambo. Abin da karin magana ke gargaɗi a kai ke nan, garin gyaran gira a rasa ido. Don haka mai bushewar ido, da mai idanu a waje, da wanda aka taɓa yi wa aikin a baya, ya fi musu a raba: sama yanzu, ƙasa bayan wata 3 zuwa 6, ko a haƙura da ɗaya.

Haɗawa tana kuma ƙara yawan wani kumburi na tantanin da ke kan farin ido, wanda ke tasowa kamar bororo mai ruwa a kusurwar waje, musamman idan an ɗaure kusurwar. Dalili shi ne hanyoyin da ke kwashe ruwa daga murfin ido ta gefen nan suke bi. Yana da ban tsoro a gani, amma galibi yana sauka cikin makonni da maganin ɗigawa da man ido.

Hatsari guda da ba ya jira

Zubar jini a bayan ƙwayar ido. Kwarmin ido akwati ne na ƙashi, ba ya buɗewa. Idan jijiya ta fashe a cikin kitse, jinin ba shi da mafita, sai ya matse jijiyar gani da jijiyoyin da ke ciyar da ido. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya ƙiyasta cewa hakan na faruwa kusan sau 1 cikin aiki 2,000, rasa gani na dindindin kuma kusan 1 cikin 22,000. Ba shi da yawa, amma lokacinsa gajere ne: bayan minti 90 zuwa 120 ba jini, ɓarnar ba ta gyaruwa. Yana tasowa ne daga jan kitse da ƙarfi lokacin aiki, ko jijiyar da adirenalin ya matse ta buɗe bayan ya sake ta, ko hawan jini, tari mai ƙarfi, amai da yunƙuri. Mafi yawa a cikin awa 24 na farko yake zuwa.

Alamarsa ba ta ɓuya ga wanda aka gaya wa. Wannan tiyata ba ta da zafi sosai, farasitamol ya ishi yawancin mutane. To ciwo mai tsanani a ido ɗaya, ido ya yi tauri ya turo, gani ya dushe, wannan ba na jira gari ya waye ba ne. Likita zai kwance ɗinki, ya yanke jijiyar kusurwar waje don ido ya sami sarari, ya nemo inda jinin ke fita. Saboda wannan ne ba a naɗe idanu da bandeji bayan aikin, kuma ake so wani ya kwana tare da mutum, ya riƙa rufe ido ɗaya yana gwada ganin ɗayan.

Jinya

Kwana biyun farko ana ɗora abu mai sanyi naɗe cikin tsabtataccen ƙyalle, minti 10 zuwa 15 a kowace awa idan ana farke, a kwanta kai a sama. Kumburi yana kai ƙarshensa a kwana na biyu ko na uku, kuma ba lalle idanun biyu su kumbura daidai ba. Man da ake sa wa a ido yana sa gani ya yi hazo, wannan ba komai ba ne. Kwanciyar jini tana washewa cikin kwana 10 zuwa 14. Mako biyu ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba motsa jiki mai tsanani, ba gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido. Gashin ido kan yi kamar ba a jikin mutum yake ba na wasu makonni, saboda ƙananan jijiyoyin ji da aka ratsa. Ƙananan fararen ƙuraje kan fito a layin ɗinki, ana cire su da bakin allura. Tabo yana ja da tauri a wata na farko da na biyu kafin ya lafa, kuma ainihin sakamako sai wata 3 zuwa 6.

Akwai abubuwan da aikin ba ya taɓawa, kuma gara a sani tun farko. Baƙin da ke kewaye da ido, idan launin fata ne ba inuwar jaka ba, yana nan. Tamojin da ke fitowa a wutsiyar ido lokacin dariya aikin tsoka ne. Kumburin da ke can ƙasa a kan ƙashin kumatu daban yake da jakar ido, wani lokaci ma yakan ƙaru na watanni bayan tiyata. Lesa ko maganin saɓule fata da ake ƙarawa don gyara laushin fatar ƙasa yana iya barin duhu mai daɗewa ga masu baƙar fata.

Idan sakamako bai yi daɗi ba, sai dai in ido na cikin hatsari, ana jira wata 6 kafin a sake taɓawa, domin murfin da ya ɗan sauka yakan koma da tausa zuwa sama, tabo kuma yana laushi. Wanda aka bar wa rarar fata, gyaransa na 'yan mintoci ne. Wanda aka ɗebar wa fiye da kima kuwa sai an nemo fata daga bayan kunne an dasa, ko a ɗebo tantani daga ganɗa, wato rufin baki, a tokare murfin ƙasa ta ciki, kuma launi da laushin abin da aka dasa ba sa zama daidai da na asali.